Gadar namun daji da kuɗin jama'a: wai almubazzaranci ne?

Baban Yara Biyar: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ku taya ni ji don tun jiya abin nan yake ci min rai na kasa barci. Na ga labarin wata gada da ake ginawa a jihar Kalifoniya ta Amurka a kan babban titin 101 kusa da Los Angeles, titi mai layi goma, kuma gadar nan ba mota ce za ta hau ba, ba mutum ba, namun daji aka yi wa. An fara aikin a watan Afrilu 2022, kuɗin da aka kiyasta tun farko kusan dala miliyan 90, tsarin shi ne a zuba ƙasa a kanta a shuka ciyawa da itatuwa don dabba ta wuce hankalinta kwance. A wannan jihar fa da mutane suke kwana cikin tanti a bakin titi. Kuma ba su kaɗai ba ne, ko'ina ka duba gwamnatoci sai ware kuɗi suke na gandun daji da lambunan shaƙatawa. Ni satin da ya wuce na kai mahaifiyata asibiti, a kan benci ta kwana da ledar ƙarin ruwa a rataye jikin ƙusa saboda ba gado, ina riƙe da hannunta har asuba. Sai na buɗe waya na ga ana yi wa dabba gada. Ni a wajena wannan almubazzaranci ne da dukiyar talaka, wanda ya ga ba haka ba ya zo ya faɗa min.

Anti Nas: Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne. Maganarka gaskiya ce ƙanena, ni da nake aiki a asibiti na san abin da kake faɗa.

Malam Mai Nahawu: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara sauƙi. Amma Baban Yara kalmar da ka ɗauko ta yi nauyi. Almubazzaranci shi ne ka zuba dukiya a inda bai dace a zuba ta ba sam, komai ƙanƙantarta. Idan abin halal ne amma an wuce iyaka wajen kashewa, sunansa israfi. To ceton ran dabba da ran matafiyi ba wurin da bai dace ba ne. In ka ce an yi israfi a kuɗin sai mu zauna mu duba, amma almubazzaranci kam ban yarda ba.

Baban Yara Biyar: Malam ni ba karatu na zo ɗauka ba, kowa ya gane abin da nake nufi

Malam Mai Nahawu: Ai shi ya sa nake gyara maka, don kowa ya gane ka jingina wa mutane laifin da ya fi wanda suka yi.

Gaskiya Ɗaci: Malam da girmanka amma a bakin mutane almubazzaranci da israfi duk ɗaya ne, wa ya taɓa cewa ɗansa kai mai israfi ne? Almubazzari ake cewa. Harshe na masu magana da shi ne ba na littafi ba.

Malam Mai Nahawu: Don mutane da yawa sun yi kuskure ba ya mai da shi daidai.

Gaskiya Ɗaci: To in haka ne rabin kalmomin da muka aro sai mu mayar wa masu su, tunda da yawa ma'anarsu ta sauya da suka shigo bakinmu.

Uwar Gida Sarauta: Ni ina tare da Gaskiya Ɗaci a nan. Kakata ko ruwa ka zubar da yawa wajen alwala almubazzari take ce maka, kuma alwala ai halal ce. To ita ma ba ta iya magana ba kenan?

Malam Mai Nahawu: Hajiya ban ce kakarki ba ta iya magana ba, Allah Ya jiƙanta in ta rasu. Misalin da kika kawo ma shi ne ainihin israfi.

Uwar Gida Sarauta: Tana raye Malam.

Malam Mai Nahawu: Allah Ya ƙara mata lafiya da nisan kwana, a yafe ni.

Direban Dare: Ku dakata haka nan, kun bar jaki kuna dukan taiki. Ni shekara goma sha bakwai ina jan babbar mota kuma yawanci da dare nake tafiya, bari in ba ku abin da idona ya gani. Wani dare wajen ƙarfe biyu muna kan titin da ya ratsa tsakiyar daji, wata ƙaramar mota tana gabana da iyali a ciki, kawai sai ga gwanki ya faɗo titi, fitila ta haske masa ido ya tsaya cak kamar an dasa shi, ai dabba in haske ya dake ta ba ta gudu. Mai motar ya taka birki ya murɗa sitiyari amma ina, ya kwashe ƙafafunsa, jikin gaba ɗaya ya hau kan bonet ya shigo ta gilashin gaba. Da na tsaya na sauko lagireto yana ta tururi, ƙahon ya huda kujerar gefen direba, matar da ke zaune a wurin ta karye a kafaɗa fuskarta duk gilashi, yara biyu a baya suna ta ihu, ni da yaron motata muka ciro ta da fitilar waya, gwankin kuma yana kwance gefe yana shure-shure bai mutu ba tukuna. Mun fi awa ɗaya kafin mu isa inda za a duba ta. Don haka Yaya Baban Yara in ka ce gadar dabba ce ni sai in ce maka gadar wannan matar ce. Dabbar nan tun kafin a shimfiɗa kwalta take bin wannan hanyar zuwa ruwa, mu muka yanke mata, kuma ba za ta daina bi ba don ba ta karanta allon gargaɗi.

Anti Nas: Innalillahi. To amma Direba da ka kai ta asibitin in ba gado ba jini fa? Nan ne maganar Baban Yara take.

Direban Dare: Anti da an yi shinge da hanyar wucewa ai ba za ta je asibitin ba ma, gadon sai ya zama na wani.

Ɗan Lissafi: Bari in sa lambobi a maganar tunda kowa da zuciya yake magana. Hukumar manyan tituna ta Amurka ta miƙa wa majalisarsu rahoto a 2008, ta ce duk shekara ana karo tsakanin mota da manyan dabbobi sau miliyan 1 zuwa miliyan 2, mutum kusan 200 suna mutuwa, wajen 26,000 suna jin rauni, asarar kuma ta haura dala biliyan 8 a shekara in aka haɗa gyaran mota da kuɗin asibiti da sauransu. A dokar ababen more rayuwa ta 2021 dala miliyan 350 suka ware don irin waɗannan hanyoyin, na shekara biyar. Ku auna biliyan 8 duk shekara da miliyan 350 a shekara biyar. Sannan ga gandun dajin Banff a Kanada inda babban titin ƙasar ya ratsa, sun yi gadar sama 6 da hanyar ƙarƙashin titi 38 tare da shingen waya a gefe biyu, karo da dabbobi ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari, na dangin barewa ma ya ragu da kusan kashi 96. Kuma abin lura shingen ne yake hana dabba hawa titi, gadar ita ce ƙofar da aka bar mata, in ka yi shinge ba ƙofa ka raba garke biyu, in ka yi ƙofa ba shinge dabba ta tsallaka inda ta ga dama.

Gaskiya Ɗaci: Lambobin Turawa kenan, su suka gina su suka ƙirga su suka yabi kansu.

Ɗan Lissafi: To kawo naka.

Gaskiya Ɗaci: Ba sai na kawo ba, kai kullum in dai Bature ya yi abu sai ka samo masa lamba. Haka ka yi mana ranar muhawarar motocin lantarki har yau ba ka amsa tambayar da na yi maka kan batir ba.

Ɗan Lissafi: Na amsa maka sau biyu, ka koma sama ka duba. Kai ne ka fita daga zauren ka dawo bayan kwana uku.

Gaskiya Ɗaci: Wayata ce ta lalace, kar ka yi min ƙazafi.

Baban Yara Biyar: Ni duk ba wannan ba. Na ji ta barewa tana fasa mota, amma waccan gadar ta Kalifoniya ai don zaki aka yi ta, zaki guda nawa ne ma? Miliyoyin daloli a kan zaki.

Mai Son Daji: Yaya ba zaki ba ne fa. Babu zaki a dajin Amurka. Sunan da suke kiransa ne yake nufin zakin dutse amma wata dabba ce daban, puma, ba ta da geza, ba ta ruri, kuma ita kaɗai take yawo ba cikin garke ba.

Uwar Gida Sarauta: To damisa ce kenan

Mai Son Daji: Ba damisa ba ce Hajiya, ba ta da rodi-rodi, jikinta ruwan ƙasa ne bai ɗaya.

Gaskiya Ɗaci: Masu ƙasar sun ce zaki kai ka ce ba zaki ba, ka fi su sanin dabbarsu ne?

Mai Son Daji: Dokin ruwa ma da wasu harsuna suke kiran dorina ai ba doki ba ne. Suna daban jinsi daban.

Malam Mai Nahawu: Ka gani ko Gaskiya Ɗaci, ɗazu kai ka ce harshe na masu magana ne, ga inda maganarka ta kai mu, an mai da kyanwar daji zaki.

Gaskiya Ɗaci: Malam kar ka dawo da ni baya, waccan maganar na riga na ci.

Mai Son Daji: Ku bari in ƙarasa dan Allah don abin yana da ban tausayi. Waɗannan dabbobin na duwatsun Santa Monica da ke yankin gadar, titin 101 ya datse su ta gefe ɗaya, teku ta ɗaya gefen, birni ya kewaye sauran, da ƙyar ake samun mai shiga ko mai fita, sai suka koma uba yana haihuwa da 'yarsa, har masu bincike suka fara ganin waɗanda wutsiyarsu ta lanƙwashe, alamar jini ya yi kusa da yawa. Akwai wani da suka sa wa lamba P-22, ya tsallake manyan tituna biyu ya shiga lambun Griffith a tsakiyar Los Angeles, ya yi kimanin shekara goma shi kaɗai ba mace, a ƙarshe mota ta buge shi, a watan Disamba 2022 likitoci suka yi masa allurar mutuwa saboda raunukan sun yi yawa. Ni wallahi ranar da na karanta sai da na yi hawaye. Kuma Yaya Baban Yara kuɗin gadar ba duka na haraji ba ne, gidauniyar Annenberg ta ba da dala miliyan 25 shi ya sa ma gadar take ɗauke da sunan, mutane da yawa sun yi karo-karo, jiha ta sa nata.

Anti Nas: Ka yi wa kyanwa hawaye. Ni yara nawa suka cika a hannuna saboda ba iskar oksijin, ka zo ka yi dare ɗaya a ɗakin yara ka ga abin hawaye.

Mai Son Daji: Anti tausayin dabba ba ya rage tausayin mutum, zuciya ɗaya ce take yin duka biyun. Ban raina aikinki ba wallahi.

Anti Nas: Zuciya ɗaya ce amma kasafin kuɗi ma ɗaya ne, abin da aka sa can an cire shi nan.

Ɗan Lissafi: Ba lallai ba Anti. Kuɗin titi daga ma'aikatar ayyuka yake fita, in ba a yi kwalbatin dabba ba wani titin za a ƙara, ba asibiti za a kai ba. Kuma in tun wajen zana titin aka faɗaɗa kwalbatin da dama za a yi don ruwa, ƙarin kuɗin kaɗan ne. Ta Kalifoniya ta yi tsada ne saboda an zo ana gyara bayan an gama ɓarna, a kan layi goma da mota ba ta tsayawa.

Malam Mai Nahawu: Kuma keɓe fili don dabba ba Turawa suka fara ba. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina don dawakai, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza don raƙuman zakka, ana kiran wannan hima. A haramin Makka ba a farauta ba a sare itace. Ga hadisin wanda ya shayar da kare aka gafarta masa, da matar da ta tsare kyanwa har ta mutu. To ta yaya za a kira kula da dabba almubazzaranci?

Gaskiya Ɗaci: Malam dawakai da raƙuman nan dukiyar al'umma ce ana amfani da su, ba namun daji ba ne. Kuma wanda ya shayar da kare da takalminsa ya ɗebo ruwa, bai taɓa baitulmali ba.

Malam Mai Nahawu: Wannan kam ka kawo magana, amma ba ta rushe asalin ba.

Tsohon Ɗan Jarida: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni abin da ya dame ni ba gada ba ce, gandun dajin ne da lambunan, don duk wanda ya san tarihinsu ya san wa ake kora. Lambun Central Park na New York da ake ta nunawa a hoto, kafin a buɗe shi a 1858 akwai unguwa a wurin mai suna Seneca Village, yawancinsu baƙaƙen fata masu gidajen kansu da coci da makaranta, a 1857 aka tashe su. Gandun dajin Yellowstone na Amurka da aka kafa a 1872 'yan asalin ƙasar suna farauta a wurin tun kaka da kakanni, aka hana su. Gandun dajin Serengeti a Tanzaniya, a 1959 Turawan mulkin mallaka suka fitar da ƙabilar Masai da shanunsu zuwa yankin Ngorongoro. Sai a kashe kuɗin jama'a a kewaye wuri, a sa kuɗin shiga da mai wurin na asali ba zai iya biya ba, baƙo ya zo da kyamara. In akwai kalmar da ta dace ba almubazzaranci ba ce ba israfi ba, zalunci ce.

Baban Yara Biyar: Yauwa Baba, abin da nake son faɗa kenan

Ɗan Lissafi: Ba abin da ka faɗa ba kenan Yaya, kai asibiti ka ce.

Mai Son Daji: Baba gaskiya ka faɗa a kan korar mutane, ban musa ba. Amma hanyar wucewa ita ce ma take rage rikicin. A Kenya an yi wa giwaye hanya ta ƙarƙashin titin Nanyuki zuwa Meru, ta haɗa dajin Dutsen Kenya da na Ngare Ndare, tun 2011 suke bi. Kafin nan ta cikin gonakin mutane suke ratsawa, kuma wanda giwa ta shiga gonarsa dare ɗaya ya san noman shekara ya tafi. Manomi talaka ne ya fi kowa cin moriyar wannan ramin.

Uwar Gida Sarauta: Ni kuma kar a haɗa lambun cikin gari da gandun daji. Mu da muke zaune a ɗaki biyu da yara huɗu ba tsakar gida, in ba wannan ɗan filin mai bishiyu ba ina za su yi gudu, kan titi? Mai kuɗi yana da lambu a bayan gidansa, lambun gwamnati na marasa shi ne. Lokacin zafi har tsofaffi can suke zuwa shan inuwa. Matsalar a gina a yanke kyalle a tafi, bayan shekara biyu lilo ya karye famfo ya ƙafe ba mai shara.

Anti Nas: To kin dawo kan maganarmu Hajiya, abin da aka gina aka bari ya lalace ai shi ne almubazzarancin

Malam Mai Nahawu: Wannan sunansa sakaci da amana.

Gaskiya Ɗaci: Malam dan girman Allah.

Admin: To jama'a dare ya yi, bari in tattara kafin in rufe. Abin da ya fito fili shi ne yawancinmu mun yarda kalmar almubazzaranci ba ta dace ba kamar yadda Malam ya yi bayani da hujja tun farko, kuma ba wanda ya iya rushe bayaninsa. Ɗan Lissafi ya kawo alƙaluman Amurka da na Banff ba a kawo wasu da suka saɓa musu ba, Direban Dare ya ba da shaidar gani da ido, Mai Son Daji ya nuna manoma suna amfana. Ɓangaren da suke adawa sun fi magana da ɓacin rai, muna yi musu uzuri saboda halin da ake ciki, kuma muna yi wa mahaifiyar Baban Yara addu'ar samun sauƙi. Gaskiya Ɗaci a rage kai hari kan mutum.

Tsohon Ɗan Jarida: Admin ina maganar Seneca Village da ta Masai a cikin tattarawar taka? Misalai uku na kawo da shekarunsu da sunayen wurare, ko su ma ɓacin rai ne?

Anti Nas: Kuma wa ya ƙirga ya ce yawancinmu? Ni da Baban Yara da Gaskiya Ɗaci da Baba mu huɗu ne, Hajiya ma rabi tana wajenmu. Kowa ya san Malam ne ya koyar da kai Admin.

Uwar Gida Sarauta: Ni ban ce ina wajen kowa ba Anti, lambu na ce a gyara.

Direban Dare: Ni zan tashi mota yanzu, kuma ta cikin dajin nan zan bi. Yaya Baban Yara ka gaida Mama, an samu gadon kuwa?

Baban Yara Biyar: An samu jiya da yamma, na gode Direba, Allah Ya tsare hanya. Amma Admin ka gyara rubutunka, ban janye kalmata ba.